Jirgina Marar Matuƙi Yana Kifewa Da Zarar Na Ba Shi Wuta, Ina Matsalar Take?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na haɗa ƙaramin jirgi marar matuƙi mai farfela huɗu, ɗan inci 5, da hannuna. Allon ƙwaƙwalwarsa F405 ne mai manhajar Betaflight, ESC ɗinsa, wato na'urar da ke sarrafa gudun injuna, irin na haɗe ne mai ɗaukar injuna huɗu, risibar da ke karɓar umarnin rimot irin ExpressLRS ce, batir kuma 4S, wato mai sel huɗu. Injunan duk suna juyawa, amma da na ɗaga sandar totur sai ya yi tsalle ya kife ta gefe guda, har farfela biyu sun karye. Wani lokaci ma ƙin ɗanuwa yake yi sam, wato in na kunna makunnin tayar da injuna ba sa tashi. A kan tebur kuma, in na cire farfela na ɗana shi, injunan ƙara gudu suke yi da kansu. Lokacin haɗawa na juya allon don ramin USB ya fito ta inda hannu zai kai. Abokina ya ce in rage lambobin PID, masu tsara ƙarfin gyaran da ƙwaƙwalwar ke yi wa karkatar jirgi, ko in sake zuba manhaja. Shin allon ne ya lalace?

Wani mai karatu daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce allonka ya lalace. Kuma kada ka taɓa PID. Lambobin da Betaflight ke zuwa da su an tsara su ne daidai da jirgi ɗan inci 5 irin naka, suna tashi da shi lafiya lau. Sake zuba manhaja ma ba zai yi maganin komai ba, sai dai ya goge ɗan saitin da ka riga ka yi daidai. Amsarka tana cikin tambayarka, inda ka ce ka juya allon.

Bari in faɗa maka abin da ke faruwa a cikin wannan rabin daƙiƙar da jirgin yake kifewa. A kan allon akwai wata 'yar na'ura da ake kira jairo, wadda ke auna karkatar jirgi sau dubbai a kowace daƙiƙa. In ta ji jirgin ya soma zubewa dama, ƙwaƙwalwar za ta ƙara wa injunan dama wuta, ta rage wa na hagu, ya dawo daidai. To amma ƙwaƙwalwar ba ta ganin jirgin. Abin da ta sani kawai shi ne abin da aka gaya mata: nan ne gaba, wannan ne inji na 1, ta nan yake juyawa. In ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa da yadda jirgin yake a zahiri, gyaran da za ta yi sai ya ƙara ɓarnar. Ta ga karkatar ta ƙaru, ta ƙara wuta, abin ya daɗa muni, kafin ka ƙifta ido yana kwance rigingine. Shi ya sa tun fitowa ta 3.3 Betaflight ke da kariyar da ke kashe injuna in ta lura da irin wannan, ta rubuta maka RUNAWAY.

Kafin komai cire farfela duka huɗun. Ba na wasa da wannan maganar. Farfelar inci 5 a kan batir 4S tana yanka yatsa har ƙashi, kuma jirgin da saitinsa ya rikice ba ka san inda zai nufa ba. Ka tabbata kuma eriyar na'urar aika bidiyo tana ɗaure kafin ka sa batir, domin in ta yi aiki ba eriya ƙonewa take yi.

Haɗa jirgin da kwamfuta, ka buɗe manhajar saitin Betaflight, ka shiga shafin Setup. Za ka ga hoton jirgi yana motsi. Ɗauki naka a hannu, hancinsa yana kallon kwamfutar, ka danna Reset Z axis. Sunkuyar da hancin ƙasa: dole hoton ya sunkuyar da nasa. Karkata shi dama, hoton ya bi dama. Juya shi a kwance, hoton ya juya ta ɓangaren da ka juya. A naka ina kyautata zaton za ka sunkuyar da hanci hoton ya karkata gefe, domin kibiyar da aka zana a jikin allon ba gaba take kallo ba. Juya allo ba laifi ba ne, masu haɗa jirgi da yawa suna yi, laifin shi ne rashin sanar da manhajar. Je ka shafin Configuration, wurin Board and Sensor Alignment, ka sa digiri 90, ko 180, ko 270 a gurbin Yaw, wato juyi a kwance, gwargwadon juyin da ka yi, ka ajiye, ka koma ka sake gwadawa. In kife allon ka yi, Roll, wato karkata gefe, za ka sa 180. Kada ka tsaya kan lissafin kai, hoton ne alƙali: sai ya bi hannunka ta duka fuskokin uku kafin ka wuce.

Daga nan sai jerin injuna. A tsarin Betaflight na asali, in hancin jirgi yana kallon gabanka kai kuma kana bayansa, inji na 1 shi ne na baya dama, na 2 gaba dama, na 3 baya hagu, na 4 gaba hagu. Shiga shafin Motors, sa batir, amince da gargaɗin cire farfela, ka ɗaga na 1 kaɗan shi kaɗai ka ga wane ne ya motsa. Haka har na 4. Wannan wuri yana kama mutane da yawa masu ESC na haɗe, saboda shi ma ana juya shi don wayar batir ta fita ta baya, lambobin kusurwoyinsa su sauya wuri ba a lura ba. In sun rikice ba sai ka ɗauko dalma ba, tun fitowa ta 4.3 akwai Reorder motors a wannan shafin, muddin kana amfani da DShot, wata hanyar da allon ke aika wa ESC umarni.

Juyin kowane inji ma sai ka duba. Na 1 da na 4 suna bin hannun agogo, na 2 da na 3 suna saɓa masa. Ɗan manna takarda a kan injin ko ka taɓa gefensa a hankali yana ƙaramin gudu, za ka gane. Wanda ya saɓa ka gyara shi da Motor direction, ko ka musanya kowaɗanne biyu daga cikin wayoyinsa uku. Wasu sun fi son duka huɗun su juya akasin haka don farfela ta riƙa watsa ciyawa waje maimakon kan kyamara. Hakan yana da kyau, amma dole a kunna Motor direction is reversed, in ba haka ba jirgin zai riƙa katantanwa a wuri ɗaya da ƙarfin gaske. Farfela kuwa iri biyu ce a kowane ƙunshi. Gefen fiffiken da ya fi tudu shi ke shiga iska da farko, rubutun jikinta yana kallon sama. Guda ɗaya in ta hau injin da ba nata ba ta isa ta kifar da jirgi ko da sauran komai daidai yake.

Maganar ƙin ɗanuwa ba ta buƙatar canki-canki, don Betaflight da kanta take faɗin dalili. Duba Arming Disable Flags a shafin Setup, ko ka rubuta status a CLI, shafin da ake rubuta wa allon umarni kai tsaye. In ka ga MSP, jirgin yana haɗe da kwamfuta ne, cire USB. THROTTLE na nufin sandar totur ba ta sauka ƙasa da 1050 ba. A shafin Receiver ya kamata ka ga sanduna suna tafiya daga wajen 1000 zuwa 2000, tsakiya 1500, kuma kowace sanda tana motsa layinta. In totur yana motsa layin Roll, sauya Channel Map, wato jerin layukan sanduna, tsakanin AETR da TAER. ANGLE na fitowa in jirgin ya karkata fiye da digiri 25, kamar yadda yake bayan ya kife ko in ka ajiye shi a gangare. ARMSWITCH kuma yana nufin makunnin ɗanawa yana kunne tun kafin ka sa batir, kashe shi ka sake kunnawa. A ExpressLRS ka bar ɗanawa a kan AUX1, layin makunni na farko, don haka aka gina tsarin.

Ƙara gudun da injuna ke yi a kan tebur ba cuta ba ce. Ƙwaƙwalwar tana neman gyara 'yar karkata, ba farfela, jirgin bai motsa ba, sai ta yi ta ƙara wuta. A iska ba ya faruwa.

Tun farfela na cire, gwada abu ɗaya da bai kamata a tsallake ba: ɗana jirgin, ka kashe rimot. Cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu injuna su tsaya cak. In ba su tsaya ba kada ka tashe shi sai ka gyara shafin Failsafe.

Ranar gwaji nemi fili ba mutane ba dabbobi, ka ja baya taku goma, yatsanka a kan makunnin kashewa. Tashe shi daga kan kwali ko tabarma, domin maganaɗisun injin yana jan ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin yashi, ya cika shi da ƙasa. Ɗaga shi zuwa gwiwa na rabin minti, sauke, taɓa injunan. Ɗumi ba komai. In ba ka iya barin yatsa a kai ba, duba ko kusoshin injin sun yi tsawo suna taɓa naɗin wayar ciki, ko wata waya tana danne allon tana kai masa girgiza, ko ba ka liƙa kafasitar da ta zo da ESC ba. A 4S wadda aka rubuta 35V a jikinta ta wadatar. Kai da kake Zariya kuma ka yi nesa sosai da filin jirgin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da wuraren sojoji, ka kuma nemi bayanin izini, domin tun 2016 hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta hana tayar da irin waɗannan jirage ba tare da amincewarta da ta ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba.

In ka bi waɗannan duka yana nan yana kifewa, rubuta diff all da status a CLI, ka kwafo abin da ya fito, ka haɗa da hoton jirgin daga sama yadda kibiyar allon da farfelu huɗun za su fito sosai, ka turo mini in duba.