Tambaya da Amsa: Da gaske ne teku ya taɓa malale Sakkwato?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Malaminmu na labarin ƙasa ya ce a zamanin da teku ya taɓa rufe ƙasar Sakkwato, ni kuwa abin ya ɗaure mini kai ganin irin nisan da ke tsakaninmu da Legas. Ina hujjar wannan magana? Daga wani ɗalibin sakandare, Runjin Sambo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Malaminku bai faɗi son ransa ba, kuma hujjar tana kusa da kai, domin tana nan a Kalambaina inda ake haƙo dutsen farar ƙasa ana yin siminti da shi tun 1967. Irin wannan dutse kan samu ne a ƙarƙashin ruwan teku mai ɗumi marar zurfi, inda ɓawon ƙananan halittun ruwa ke zuba bayan sun mutu, laka ta danne shi, nauyin abin da ke sama ya matse shi tsawon zamani har ya daskare. Wanda ya tsinci gutsurensa ya duba da kyau yakan ga siffar katantanwa a manne a ciki, wani lokaci har da zanen da ke jikin ɓawon bai goge ba.

Masana ilimin duwatsu sun ƙiyasta shekarun wannan dutse da kusan miliyan 60. A wancan lokaci duniya ta fi yau ɗumi, babu tulin ƙanƙarar da ke daskare a ƙarshen arewa da kudancinta yanzu, saboda haka ruwan teku ya yi sama ya kwararo cikin duk wani kwari, ya ratsa inda hamadar Sahara take a yau ta Mali da Nijar har ya iso nan. Ya shigo ya janye fiye da sau ɗaya, kowane zuwa kuma ya bar nasa shimfiɗin yashi da laka, hawa kan hawa kamar tabarmin da aka jibge, na ƙasa ya girmi na sama. A cikin shimfiɗin da ya girmi na Kalambaina ne aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku a yankin Goronyo, aka kuma raɗa masa suna Goronyosaurus.

In ka bi hanyar Gusau ka ga dutsen Kwatarkwashi, kada ka nemi katantanwa a jikinsa, domin shi daga narkakken dutse ya samu, wanda ya huce a can cikin ƙasa tun kafin zuwan wannan teku da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Abin da ke damuna shi ne yawancin ɗalibanmu haddace bambancin nan suke yi don jarrabawa, alhali Dange da Wurno, inda ake iya ganin shimfiɗun da tekun ya bari, ba su da nisa. Ka roƙi malaminku ya shirya muku ziyara a lokacin rani, sa'ad da ruwa ya ƙafe, gaɓar kwazazzabai ta fito fili ana iya ƙirga hawa-hawanta da ido.