Tambayoyinku kan harshe: Mista Bin wawa ne ko jarumi?

Wata ɗaliba daga Zariya ta tambaya: “Ina rubutu kan Rowan Atkinson, ɗan wasan Ingila da ya fito a matsayin Mista Bin. Daidai ne in kira shi jarumi, alhali ban dariya yake yi?”

Asalin jarumi shi ne sadauki, wanda ba ya ja da baya a fagen fama. 'Yan fim suka ari kalmar suka ba wanda labari ke tafiya a kansa, kuma ta zauna. Saboda haka a finafinan Johnny English na 2003 da 2011 da 2018, Atkinson ne jarumin fim, ko da yake ɗan leƙen asirin da ya fito a matsayinsa kwaɓa ya fi yi. Inda ake kuskure shi ne a liƙa wa kowa kalmar. A Four Weddings and a Funeral na 1994, ɗan taƙaitaccen wuri aka ba shi, sabon limamin coci da harshensa ke sarƙewa wajen ɗaurin aure. Jarumin fim ɗin Hugh Grant ne. A nan sai ki ce “ya fito a matsayin limami”, ko “ya taka rawar limami”. Rawa kuwa taka ta ake yi, kada ki rubuta “ya buga rawa”.

A The Lion King na 1994 ma ba a ce “ya fito” ba, tunda zanen katun ne. Muryarsa aka ɗora wa wani tsuntsu mai suna Zazu. Tsuntsun nan cilakowa ne. Na ga masu rubuta burtu, amma burtu ƙato ne baƙi mai yawo a ƙasa.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi ya ce: “Tsakanin wawa da dolo da gaɓo, wanne ya dace da Mista Bin?”

A ganina babu ko ɗaya da ya zauna masa daram. Dolo shi ne wanda ake yi wa wayo bai gane ba. Gaɓo kansa a toshe yake, sai an yi ta nanata masa magana. Wawa ya fi kusa, amma shi ma da saura. A duba shirin Mista Bin na talabijin, kashi 15 da aka nuna tsakanin 1990 da 1995. Akwai inda ya sayi kujera, ya ɗaure ta a saman ƙaramar motarsa, ya hau ya zauna, ya ɗaura igiya a sitiyari, ya zura sandar goge ƙasa yana danna totur da ita, ya kama hanyar gida. Gaɓo ba zai ƙirƙiro wannan ba. Dabara ce fal, sai dai an zuba ta inda ba a bukata, kuma ko a jikinsa in wani ya cutu. Wannan halin yara ne a jikin babba. Kalmomin da zan zaɓa su ne shiririta da ƙiriniya: shiririta saboda aikin ba shi da kai, ƙiriniya saboda ba ya zama wuri ɗaya sai ya taɓa abin da ba nasa ba.

Malamin ya kuma nemi karin maganar da ta dace. Akwai “labarin zuciya a tambayi fuska”, tunda da ƙyar Mista Bin ke furta kalma, ido da gira da baki ke ba da labari. Shi ya sa wanda bai ji Turanci ba ma yake bin shirin tsaf. Amma wadda ta fi kama halinsa ita ce “garin neman gira a rasa ido”. A fim ɗin Bean na 1997 ya yi atishawa a kan wani zane mai tsada, ya goge da hankicin da tawada ta ɓata, ya koma ya shafa sinadarin narkar da fenti, fuskar zanen ta goge gaba ɗaya, sai ya zana wata da hannunsa. Ana amfani da karin maganar ne idan ƙaramin gyara ya jawo babbar asara, kada a kawo ta kan asarar da ta faɗo wa mutum yana zaune.

Ga ɗalibarmu kuma: kada ki tsaya a “ɗan wasan barkwanci” kawai. A 2016 da 2017 ya taka rawar Maigret, jami'in binciken 'yan sandan Faransa mai lofe a baki, babu ban dariya ko kaɗan. “Ɗan wasan kwaikwayo” ya fi haɗe ayyukansa duka.