Amsa: Me ya sa yara ke gajiya a gidan tarihi?

Malama, kin ce kin kai ɗalibanki gidan tarihi amma ko minti ashirin ba a yi ba sun fara hamma, wallahi ba laifinsu ba ne, laifin yadda ake bayanin ne. Nima na taɓa shiga wani, takobi a cikin gilas da ƴar takarda da Turanci an rubuta shekara kawai, to yaro ya yi me da wannan?

Mu mutanen tatsuniya ne, labari ke riƙe mu. Je ki rijiyar Kusugu a Daura ki gani, rijiya ce kawai fa, amma da an fara zancen Bayajidda da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, yara tsit suke yi. Haka marinar Ƙofar Mata a Kano, ga baba ga toka, sun ga farin ƙyalle ya shiga rami ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabansu, wannan ko sun tsufa ba za su manta ba.

Shawarata in za ku Gidan Makama, gidan tarihin da ke Kano, ki fara ba su labarin Sarki Muhammadu Rumfa da zuwan Turawa Kano a 1903 tun a aji, ki roƙi mai rakiya ya yi da Hausa, ki zaɓi abu biyar kawai kar ku ce sai kun zaga ko'ina. Kuma ku je da safe, rana na kashe musu jiki.