Makirufo Mai Sauƙin Kuɗi Don Fiyanon Lantarki: Fara Duba Bayan Fiyanon

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da fiyanon lantarki, kuma ina so in riƙa kaɗawa ina rera waƙa, muryata tana fita ta sifikar fiyanon. Na aro makirufo na soka a ramin da aka rubuta AUX IN, amma sai na kasa kunne sosai kafin in ji muryata. Makirufon ne ba shi da kyau? Wanne zan saya wanda bai fi ƙarfin aljihuna ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka ɗora wa makirufon laifi tukuna, mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Ramin da ka sa shi ne ba nasa ba.

Wutar da makirufo ke fitarwa idan ka yi magana a cikinsa 'yar mitsitsiya ce, 'yan milibolt kaɗan. Shi kuwa AUX IN an yi shi ne don sautin da ya riga ya yi ƙarfi, irin wanda ke fitowa daga wayar hannu ko kwamfuta, wanda yakan kai kusan milibolt 300. Ka ga tazarar ba ƙarama ba ce. Dole a sami abin da zai ɗaga muryar tun daga farko, kuma wannan ɗan injin yana ɓoye ne a bayan ramin da aka rubuta MIC. Saboda haka kafin ka fitar da ko kwabo, juya fiyanonka ka karanta rubutun da ke kan ramukan. Wasu suna da ramin makirufo, kamar Yamaha DGX-670 da Roland FP-90X. Wasu kuma ba su da shi sam, kamar Yamaha P-45.

Idan naka yana da MIC, aiki ya zo da sauƙi. Nemi makirufo nau'in dayinamik. A nan nake so ka natsu, domin nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Za ka ga makirufo nau'in kwandensa a kasuwa, mai kyan gani, an haɗa shi da raga da mariƙi kamar na situdiyo, ga shi da araha. Yawancin irinsa yana buƙatar wuta ta musamman mai ƙarfin bolt 48 da ake tura masa ta cikin wayarsa, kuma ramin makirufo na yawancin fiyano ba ya ba da ita. Ka soka, ka ji shiru. Ko da ka samo masa wutar, kwandensa kunnen tsiya gare shi: zai kwaso ƙarar maɓallan da kake dannawa, da motsin feda, da fankar ɗaki. Dayinamik ba ya neman wuta, yana jure faɗuwa, kuma abin da ke daf da bakinsa ya fi ɗauka.

Sunan da kowa ya sani a wannan fage shi ne Shure SM58, wanda yake kasuwa tun 1966. Amma ba lallai sai shi ba. Behringer XM8500 yana yin aiki mai kyau a farashi ƙasa da nasa sosai, kuma ni shi zan ce mai farawa ya ɗauka. Idan aka tallata maka SM58 da arahar da ta wuce hankali, ka yi hattara, jabunsa sun yi yawa.

Sai waya. Gindin waɗannan makirufo yana da ƙafa uku, shi ake kira XLR, ramin fiyano kuwa galibi na babban jek ne mai kaurin milimita 6.35. Wayar da za ka nema ita ce mai XLR ta mace a kai ɗaya, babban jek a ɗaya kan.

To idan babu MIC fa? Sai ƙaramar mikisa, wato na'urar da ke ɗaga sauti tana kuma haɗa sautuka wuri guda, irin Yamaha MG06. Makirufo ya shiga mikisa, daga mikisa kuma waya ta tafi AUX IN ɗin nan naka, sai muryar ta fita ta sifikar fiyanon da ƙarfinta. Idan kana da sifika ta daban ya fi daɗi: ka jawo sautin fiyano daga raminsa na fitar da sauti, wanda aka rubuta LINE OUT, zuwa mikisa, murya da kiɗa su haɗu a can, ka daidaita kowanne yadda kake so. Makirufo mai USB kuwa ka manta da shi a wannan aiki. Ramin USB na fiyano na haɗa shi da kwamfuta ne ko sa filasha, ba zai gane makirufo ba.

Abu na ƙarshe da zai iya ɓata maka rai shi ne ƙugin nan mai tsinka kunne. Yana faruwa ne idan makirufo ya ji abin da sifika ke fitarwa ya sake mayar mata, abin ya yi ta zagayawa. Tunda sifikar fiyano tana gabanka, ka zaɓi makirufon da aka rubuta cardioid a kwalinsa, wato mai ji ta gaba yana toshe kunne ta baya, kuma XM8500 da SM58 duk haka suke. Ka sa shi a sanda mai hannu da ke miƙowa ta gefe, tunda hannuwanka biyu suna kan kiɗa, bayansa na kallon sifika, bakinka kusa da shi kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Kullum ka sauke ƙarar har ƙasa kafin ka soka ko ka zare waya, sannan ka riƙa ɗagawa a hankali kana rera waƙa. Da zarar ka ji ƙugi na shirin tasowa, ka ɗan rage, ka matso da bakinka.