Hukuncin Cin Abinci a Ƙaramin Gidan Abincin Italiyawa

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina aiki a wata masana'anta kusa da Brescia, a arewacin Italiya. Ƙarshen kowane wata maigidanmu yakan kai mu wani ɗan gidan abinci na wata tsohuwa da 'ya'yanta. Ta san ni Musulmi ne, ba ta taɓa kawo min alade ba, risotto, wato dafaffiyar shinkafarsu, take yi min da kifi, har "ɗana" take ce min. Kwanan nan ta faɗa min tana ɗan zuba farar giya a shinkafar, amma wuta na ƙone ta. Wani abokina ya ce akwai malaman da suka halatta. Ina jin nauyin ƙin abincinta. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tsare maka addininka a baƙuwar ƙasa.

Shiga gidan abincin Kirista, da cin girkinsa, da karɓar karamcinsa, duk halal ne. Kifi halal ne, ruwan khal (ruwan tsami) na garin Modena da suke sa wa ganye shi ma haka. Abin da ka ci kafin ka sani babu laifi a kanka. Tambayarka ta tsaya ne a kan kalma ɗaya da tsohuwar ta furta: tana zubawa. Da hannunta, da gangan, don ɗanɗano. Daga ranar da ka ji wannan, risotton nan ya haramta gare ka har sai an dafa shi babu giya.

Maganar abokinka na san inda ta samo asali, kuma zan daɗe a kanta domin ta ruɗi matasa da yawa a Turai. Masu ita suna cewa ɗan abu idan ya nutse cikin abu mai yawa hukuncinsa ya faɗi, kuma ko mutum ya cinye tukunyar ba zai bugu ba. Ƙa'idar gaskiya ce, amma an ɗora ta a inda ba muhallinta ba. Malamai sun yi maganar ɗigon da ya faɗa cikin ruwa mai yawa har ba a jin ɗanɗanonsa, ba a ganin launinsa, ba a shaƙar warinsa. Ita kuwa tsohuwa me ya sa take zuba giyar? Don tsamin nan da ƙamshin su zauna a shinkafa. Da ba ta barin alama, da ba wanda zai ɓata kuɗinsa a kanta. Ba a cewa abu ya ɓace alhali don a ji shi aka sa shi.

Batun wuta ma ba haka yake ba. Wani bincike da aka yi wa ma'aikatar noma ta Amurka, aka buga a 1992, ya nuna abincin da aka zuba wa giya aka dafa minti 15 yakan riƙe kusan kashi 40 cikin 100 na sinadarin da ke bugarwa, bayan awa biyu da rabi ma akan sami kashi 5. Risotto dahuwar kimanin minti 18 ce. Zubawa a kan shinkafa mai zafi yana rage shi ƙwarai, na yarda, amma ragewa daban, gushewa daban.

Wasu sukan kafa hujja da abin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, cewa Sayyidina Umar a Sham ya yarda da abin shan da aka dafa har kashi biyu cikin uku ya tafi, ya tsoma yatsa ya ɗaga, abin yana yauƙi kamar kwaltar da ake shafa wa raƙumi. Wannan ruwan inabi ne aka dafa don kada ya zama giya. A tukunyar tsohuwa kuwa giya ce cikakkiya aka tsiyayo daga kwalba. Kuma Abu Ɗalha ya tambayi Annabi (SAW) game da giyar da marayu suka gada, ko a mai da ita khal, aka ce ya zubar. Dukiyar maraya ke nan, ba a yi mata rangwame ba, balle miyar dare ɗaya.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba. Ka ce ba ta kawo maka alade, to alade a girkin Italiya ba kullum yake zuwa da sunansa ba. Taliyar carbonara da kumatun alade ake yin ta, miyar ragù ta garin Bologna akwai alade akwai giya, piadina da wasu burodi da kitsen alade ake kwaɓa su, sunansa strutto, ka riƙe kalmar. Kayan zaƙin da ake kira tiramisù sau da yawa akwai giyar marsala a ciki. In an gama ci sukan ajiye ɗan kofin limoncello kyauta, wannan giya ce zalla. Naman sa da kaza kuwa, tunda ba ka san yankan ba kuma mahautan halal ba su yi wuya a Brescia ba, ka tsaya a kifinka.

Abin da ya fi damuna shi ne teburin. Ba ka faɗa ba, amma da wuya a yi cin daren Italiyawa babu kwalba a tsakiya, kuma hanin zama a teburin da ake zagaya giya sananne ne. Kwalbar da ke teburin wasu ba ruwanka da ita. Ta naku teburin ce matsalar. Ka sami maigidanka a keɓe ka gaya masa cikin ladabi. In rashin zuwa zai taɓa aikinka da gaske, ka zauna a gefe, kada ka miƙa wa kowa kwalba, kada ka ɗaga kofi tare da su, ka ci ka yi sallama da wuri.

Jin nauyin da kake yi alamar tarbiyya ce, amma ka dubi ni'imar da ke hannunka. A babban gidan abinci ba ka ganin mai girki. A nan mai girkin ce da kanta ta fito ta faɗa maka gaskiya. Ka je mata da rana, lokacin da babu jama'a, ka riƙe mata ɗan dabino, ka ce: "Mama, senza vino," wato babu giya. Ruwan lemun tsami kaɗan yana ba shinkafa tsamin da take nema, kuma matar da ta kiyaye maka alade tun farko ba za ta ƙi ware maka ƙaramar tukunya ba. Ka kuma yi sallar magariba kafin ku zauna, domin cin darensu yakan ja lokaci.

Wallahu a'alam.