Amsa kan yadda tsarin waƙa ke bayyana bindiga a cikin gida

'Yar'uwa, kin ce kin karanta waƙar Vicki Feaver, marubuciyar Ingila, kan shigo da bindiga cikin gida, wadda ke cikin littafinta na 2006. Jigo kam kin gane shi, amma da aka ce ki bayyana yadda zubi da tsari ke isar da ma'ana sai kika yi turus. Na daɗe ina duba takardun ɗalibai kan irin wannan tambaya, kuma yawancinsu a wuri ɗaya suke tuntuɓe: su ƙirga baitoci, su ce babu amsa-amo, shi ke nan su aje biro. Ƙidaya ba sharhi ba ce. Ki bi wuraren da mawaƙiyar ta yanke magana, ki duba abin da ya sauya a kowane yanka.

Fara da buɗewar. Jimla ɗaya ce aka raba ta ɗango biyu. Na farko ya kawo bindigar har cikin gida ya tsaya, na biyu gajere ne ƙwarai, ya ce ta canza gidan. Saɓi-zarcen nan, wato zarcewar jimla daga ɗango zuwa na gaba, yana sa mai karatu ya riƙe numfashi, kamar wanda ya ji motsi a ƙofa da tsakar dare. Ba a faɗi irin canjin ba, kuma da gangan aka ƙi faɗa.

Daga nan baitocin suna hawa ne mataki-mataki. An shimfiɗe bindigar kan teburin kicin, gindinta na katako ya zarce gefen tebur, bakinta na ƙarfe ya jefa inuwa kan mayafin teburin. A nan ɗangwayen suna tafiya a hankali, ido yana bin ta daga gindi har baki. Sai gwaji da gwangwanayen da aka rataye a bishiya. Sai zomo, harbi ɗaya a ka, cikin 'yar gajeriyar jimla. Sai firji ya cika da namun daji da tsuntsaye. Kowane baiti ya fi wanda ya gabace shi jini, amma muryar ba ta ɗaga ko sau ɗaya ba. Ni a ganina nan ne tsoron waƙar yake: yadda mutanen gida ke sabawa da abu ba tare da sun ankara ba.

Wurin da na fi so ɗalibai su daɗe a kai shi ne ɗangon da ya tsaya shi kaɗai dab da ƙarshe, wanda ya ce bindiga tana raya gida. Ki ɗora shi kusa da buɗewar: bindiga da gida ne dai suka sake haɗuwa, sai dai yanzu an ba da amsar da aka hana mu tun farko, kuma ba ita muka zata ba. Makamin kisa ne ya kawo rai. Da an cusa wannan ɗango a tsakiyar dogon baiti da ya ɓace. Farin filin da ke sama da ƙasansa shi ya ba shi nauyi.

Ki lura da wakilin suna kuma. Duk tsawon waƙar da wani ake magana, mai riƙe da bindigar. A baitin ƙarshe ne "ni" ya fito, mai maganar ta shiga yanka da girki da ɗanɗano. 'Yar kallo ta zama abokiyar tarayya, kuma tsarin ne ya tona haka kafin kalmomin.

Gargaɗi ɗaya: kar ki rubuta cewa duk gajeren ɗango ƙarar harbi ce. Na gaji da ganin wannan a takardu. A ɗangon zomo za ki iya kare shi, tunda harbin yana wurin. A buɗewar ba a ko taɓa kunamar bindigar ba tukuna.