Tambaya da Amsa: Raha da Waɗanda Aka Kashe

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne admin na gurup ɗin WhatsApp na fadarmu, wato majalisar hirar abokai, a unguwar Birni a Damagaram. Bayan wani hari da ƴan bindiga suka kai wa matafiya, wani abokinmu ya yanko hoton motar da aka ƙona ya yi sitika da shi, ya rubuta maganar ban dariya a ƙasa. Ashe baffan ɗaya daga cikinmu yana cikin mamatan. Mai sitikar ya ce ai mu mutanen barkwanci ne, wasa yake yi. Yana da gaskiya? Me ya kamata in yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba shi da gaskiya, kuma al'adar da ya fake da ita ma ba ta goya masa baya ba. Wasan taubasai da na ƙabilu, wanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2014 da sunan Nijar, yana da ƙa'ida. Bafulatani ya tsokani Babarbare a kasuwar Dole, Babarbaren yana tsaye, ya rama nan take, a yi dariya a watse. Dukansu biyu sun yarda da wasan, kowa kuma yana da bakin mayar da martani. Wanda aka harbe a hanya ba ya ramawa, matarsa da ke takaba ta wata 4 da kwana 10 ba ta ramawa.

Wani zai kawo wasan jika, inda jikoki ke kwaikwayon tafiyar kakansu bayan rasuwarsa. Duba da kyau: tsoho ne da ya cika kwanansa a kan shimfiɗarsa, jininsa ne ke wasan, a cikin gidansa, gaban waɗanda suka san ƙauna ce ta sa. Babu gidan da ake wannan wasa a kan magidancin da aka kashe. Haka wanda ya tsira daga hari, in ya ba da labarin yadda ya yar da takalmi yana gudu har aka yi dariya, labarinsa ne, yana rage wa kansa nauyi. In kai da ba ka wurin ka ɗauka ka maimaita, ya zama izgili, wanda aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana. Hadisin Buhari kuma ya hana zagin matattu.

Ga abin yi, kuma a yau. Goge sitikar ga kowa. Admin yana da wannan dama, amma ba ta wuce kamar kwana 2. Gogewar ba ta cire ta daga salular wanda ya riga ya adana ta, don haka rubuta gajeren saƙo ka roƙi kowa ya cire, ba tare da ka ambaci sunan wanda ya yi ba. Nan ne admin da yawa ke kuskure: su tsine wa mutum gaban mutum 50, shi kuma kunya ta sa ya kafe, gurup ya rabu biyu, wani ya ɗauki hoton rigimar ya tura waje har ta isa gidan makoki. Sami mai sitikar shi kaɗai bayan an tashi daga shayi. Sannan ku nemi dattijo ɗaya ya raka ku, ku je da ƙafa ku yi ta'aziyya, mai sitikar ya ce "na yi kuskure, ka yafe mini". Kada ya ce "in ranka ya ɓaci", don wannan ɗora laifin ne a kan mai jin zafi. In abokin naku da aka kashe wa baffa ya ƙi amsawa a ranar, a ƙyale shi, kada a matsa masa. Ka kuma tuna wa ƴan fada cewa dokar Nijar kan laifukan intanet ta 2019 ta tanadi hukunci kan yaɗa abin da ke taɓa mutuncin ɗan Adam ko tada hankalin jama'a.

TAMBAYA: Malam, ina yin bidiyon ban dariya a TikTok daga Zango. Bayan wane lokaci ya halatta a yi raha da irin wannan?

AMSA: Ba lissafin kwanaki ba ne, ƴar'uwa. Sojojin Nijar 71 aka kashe a garin Inates, kusa da iyakar Mali, a Disambar 2019, kuma marayunsu suna nan, wasu sun isa riƙe salula. Kafin ki saki bidiyo, ki duba a kan wa dariyar ke faɗawa. In a kan azzalumi ne, ko mai yaɗa jita-jita, ko mai cika baki da ya fi kowa gudu, da sauƙi. Ki cire suna, fuska, sunan ƙauye, lambar mota, muryar masu kuka da duk hoton wurin da abin ya faru. Sannan ki nuna wa mutum ɗaya daga yankin, misali cikin mutanen Diffa da ke zaune nan Damagaram, ki dubi fuskarsa lokacin da yake kallo. In ya yi shiru ko ya kau da kai, kada ki saka.